Fitilun mota ƙirar Kanta sun yi hazo, a goge ko a sauya?

Sani Kanta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema. Fitilun gaban motata sun yi wani irin hazo, sun koma ruwan ɗorawa, ta dama ma ta fi muni don har ɓawo take yi daga sama. Jiya na taso daga kasuwar Mai'adua bayan magariba da kaya, wallahi tsakanin Daura da Mashi ful na saka amma kaɗan ya rage in hau kan amalanken shanu, sai da na zo daf na gan ta. Na canza ƙwai kwanan nan ba abin da ya ƙaru. Maigidana ya ce ba shi da kuɗin sabbin fitilu yanzu. Ana gyara abin nan ko sai dai a jefar?

Auwal Kofar Kaura: Wslm. oga sani wannan ai karamin abune, ka samu makilin farin nan ba mai ruwa ruwa ba, ka shafa da tsumma ka dirza sosai ka wanke, wlh zatayi kamar yanzu aka cirota daga kwali. nayi a golf dina kowa saida ya tambayeni

Oga Bishir Mai Fenti: Auwal, golf ɗin nan da na gani ranar Juma'a a bakin masallaci? To ka fita yanzu ka haska fitilarta da tocila ka turo mana hoto.

Auwal Kofar Kaura: Hhhh oga bishir ai yanzu ta dan koma, amma lokacin tayi kyau

Oga Bishir Mai Fenti: To ai maganar ke nan. Lokacin ta yi kyau.

Malam Lawal Rewaya: Wa alaikumus salam. Sani kafin kowa ya ce maka shafa kaza, fara gano inda ciwon yake. Gobe da safe ka watsa wa fitilar ruwa daga waje ka duba tun ruwan bai bushe ba. In ta washe kana ganin ƙwai da madubin ciki tar, sannan da ta bushe hazon ya dawo, to matsalar a fatar waje take kuma ana gyarawa. In ka jiƙa ta tana nan yadda take, to abin daga ciki ne, ko ƙura ce ta shiga, ko ruwa, ko kuma madubin ne ya ƙone. Ka kuma bi da farce, in kana jin kaushi waje ne. Ina faɗin haka ne don mutum zai kwana yana dirzar waje alhali dattin na ciki.

Sani Kanta: Malam Lawal ai ranar da na kai ta wanki na lura, da yaron ya watsa ruwa sai ta yi garau, kafin in bar wurin ta koma.

Malam Lawal Rewaya: To alhamdu lillahi, taka mai sauƙi ce. Sauran magana ta Bishir ce, ni nawa na zuwa daga baya don ina da tambaya kan ƙwan da ka saka.

Baba Ɗan'azumi: Ku dai yaran zamani kun sha wahala. Mu da muka ja fijo a-kori-kura da marsandi 911 mi ya haɗa mu da hazon fitila? Gilashi ne na gaske, shekara ashirin shina nan, sai dai dutse ya fasa shi. Yanzu an kawo maku roba an ce ci gaba ne.

Injiniya Kabir: Baba ranka ya daɗe gaskiyarka, gilashi ba ya canza launi. Amma robar ma da dalilinta. Sunanta polikabonet, irin wadda ake yin faifan CD da ita ce, kuma ta fi gilashi jure bugu nesa ba kusa ba, ga rashin nauyi, ga ta ana lanƙwasa ta yadda ake so. Tsakuwar da tirela za ta harbo ta tarwatsa gilashi, wannan sai dai ta yi mata tabo. A Amurka aka fara sa ta a fitilun mota cikin shekarun 1980, zuwa shekarun 1990 ta bazu ko'ina. Rauninta guda biyu ne, ba ta son rana kuma tana saurin karcewa. Shi ya sa tun a kamfani ake fesa mata wani siririn rufi mai tauri wanda yake tare hasken nan na rana da ido ba ya gani, wanda ake cewa UV. To wannan rufin shi ne yake mutuwa. Ɓawon da Sani yake gani a saman ta dama shi ne ragowarsa yake ɓarewa, kuma ku lura daga sama yake farawa kullum saboda nan rana ta fi duka. Da ya tafi sai rana ta fara cin robar kanta, ta koma ruwan ɗorawa. A garinmu kuma abin ya haɗu goma da ashirin, ga ranar Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga yashin hanya yana feshin fitila kana gudu, sannan ka tsaya yaron mota ya ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar a kai. Wannan gugar busasshiya ita kanta sanfefa ce.

Baba Ɗan'azumi: To ka ga ni, duk wanga dogon bayani ai dawowa ya yi kan maganata. Gilashi ba ya son rufi.

Injiniya Kabir: Na sallama Baba, amma kantar Sani ba za ta karɓi fitilar 911 ba.

Auwal Kofar Kaura: to injiniya meyasa makilin yake aiki in ba gaskiya bane

Injiniya Kabir: Yana aiki mana, ba wanda ya ce ƙarya ne. A cikinsa akwai garin da ke goge haƙori, shi ne yake ɗebe dattin sama da kaɗan daga mataccen rufin. Sai dai bai da ƙarfin kai wa ƙasan lalacewar, kuma bai mayar da komai a wurin abin da ya cire ba. Ka bar robar tsirara a rana. Shi ya sa take dawowa, wani lokacin ma fiye da da.

Nura Wankin Mota: Ni fa abin da nake gani wajen wanki ya fi makilin ban tsoro. Wani man birki yake shafawa, wani baƙin mai, wani fetur, akwai wanda ya zo da maganin sauro na shafawa wai a TikTok ya gani.

Oga Bishir Mai Fenti: Man birki? Inna lillahi. Abin da ke ɗaye fenti daga jikin ƙarfe shi za ka sa wa roba? Jama'a ku ji da kyau, man birki, fetur, tina ta tsinka fenti, ruwan goge farce na mata, kar ɗaya ya taɓa fitila. Mai ko wane iri ne cike ƙananan karce yake yi shi ya sa take ƙyalli nan take, da ya bushe ko aka wanke shi ke nan, ga shi yana kama ƙura. Tina kuwa cin robar take, za ka ga ta yi fari fat ko ta yi wasu ƙananan tsage-tsage a cikin naman robar, kuma in ta kai nan ba ni ba, ko wanda ya ƙera ta ba zai gyara ba. An sha kawo mini irinsu. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Injiniya Kabir: Maganin sauron ma haka ne, sinadarin DEET da ke cikin wasunsu narkar da fatar robar yake, ta yi sheƙi ta kuma yi danƙo. In ya zuba a fenti ma ya ɓata.

Sani Kanta: To Oga Bishir faɗa mana yadda ake yi na gaskiya, in abin da zan iya ne in yi da kaina ranar da ba lodi.

Oga Bishir Mai Fenti: Za ka iya rabin aikin, rabin kuma sai da kayan aiki. Bari in faɗa dalla-dalla amma ku yi haƙuri da tsawo.

Da farko ka wanke fitilar da sabulu ta fita tas. Ka samo salatif na takarda irin namu na masu fenti ka zagaye ta, ninki biyu ko uku, don sanfefa na taɓa fentin mota ta ci shi. In za ka iya kwance fitilar gaba ɗaya ka ɗora a benci ya fi. Sai sanfefar ruwa, baƙar nan, ba jar ta kafintoci ba. A bayanta akwai lamba, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Irin taka da ta yi ɓawo da 600 za ka fara, in ta ƙi ka sauka 400 amma da hankali. Ka jiƙa takardar a bokiti kamar minti goma ta yi laushi. Kana gogawa kana zuba ruwa, kar ka bari ta bushe ko sau ɗaya. Kuma ba zagaye-zagaye ake yi ba, layi ɗaya za ka bi, hagu zuwa dama, hagu zuwa dama.

Ga abin da za ka sa wa ido. Ruwan da zai fara gangarowa ruwan ɗorawa ne kamar an dama kunu, wannan mataccen rufin ne da robar da rana ta ci. Ka ci gaba har ruwan ya koma fari kamar madara, to ka iso lafiyayyar roba. Ka share ka duba, dole fitilar duka ta yi fari bai ɗaya, in ka ga wani tsibiri yana ƙyalli musamman a gefe da lungu to tsohon rufi ne ya rage, koma kansa. A nan ne mutane ke tsorata, don fitilar za ta fi da muni, ba ka ganin komai a ciki, sai mutum ya ce na kashe ta. Ba ka kashe ta ba.

Daga 600 ka hau 800, amma yanzu ka juya hannu, sama zuwa ƙasa. Dalili shi ne ka riƙa ganin layin takardar baya, in duk layin kwance sun ɓace saura na tsaye to ka gama da wannan lambar. Kar ka tsallake lamba don sauri, karcen 600 ba 2000 ce za ta fitar da shi ba ko ka kwana kana yi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In kiliya za a fesa, wato fentin nan mara launi mai ƙyalli da ake yi wa mota a sama, a 800 ko 1000 ake tsayawa, don kiliya na son ɗan kaushin da za ta kama, ita ce za ta cike layukan fitilar ta washe a gaban idonka. In kuma ba feshi, sai ka wuce 1500, 2000, har 3000 in ka samu, sannan ka bi da kwamfawun na goge fenti har ta yi garau, ka shafa mata abin kariya na UV.

Auwal Kofar Kaura: to ai sai ayi duka, a goge da compound tayi kyalli sannan a fesa kiliya akai

Oga Bishir Mai Fenti: A'a ƙanena, nan ne da yawa ke faɗawa. Ka goge ta yi santsi, ga maiƙon kwamfawun a jiki, me kiliya za ta riƙe? Wata biyu ta fara ɗayewa kamar yadda ta kamfani ta yi. Ɗaya ake zaɓa.

Alhaji Mamman Kayan Gyara: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni dai a ganina wahalar banza ce. Mota ta neman kuɗi ce, ka ajiye ta yini guda kana dirza, asarar lodin ranar fa? Akwai sabbin fitilu 'yan Chana, akwai na Beljiyam, in babu a nan gobe in aika Kofar Ruwa a Kano a sako a mota. Ka ɗaura ka wuce wurin.

Malam Lawal Rewaya: Alhaji ai kai dole ka ce haka, haja ce a shago.

Alhaji Mamman Kayan Gyara: Malam Lawal ko ba ni da shago gaskiya ce. Wadda aka goge ba ta zama sabuwa.

Injiniya Kabir: Alhaji yana da gaskiya a nan, kuma akwai gwajin da aka yi. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, a 2018 ta auna fitilun da suka yi hazo ta samu hasken da suke bayarwa a dim kashi 22 cikin 100 ne kacal na sabuwa. Da aka goge su ya dawo wajen kashi 70. Sabuwa ta asali ce kawai ta ba da 100. To Alhaji bai yi ƙarya ba. Amma ku dubi tazarar, daga 22 zuwa 70 da kuɗin sanfefa da kiliya, ga mutumin da maigidansa ya ce ba kuɗi. Ni a wurina wannan ba wahalar banza ba ce.

Oga Bishir Mai Fenti: Kuma Alhaji ka faɗa masu tsakani da Allah, masu arahar nan wata nawa suke yi kafin su ma su yi ja? Wasu rufin nasu ba shi da kauri ko kaɗan, damina ɗaya ruwa ya cika su. Ni na fi yarda da tsohuwar fitila ta asali da aka gyara da kyau a kan sabuwa mai araha. Araha ba ta ado.

Alhaji Mamman Kayan Gyara: Kaya suna suka tara, akwai mai kyau akwai na banza, kowa da kuɗinsa. Wanda ya ce a ba shi mafi araha ai ba zan hana shi ba.

Nura Wankin Mota: Oga Bishir baka yi maganar butar tururi ba. Yanzu ita ake yayi, wani abokina ya sayo, kofi ne na ƙarfe da murfi mai hanci, a zuba wani ruwa shuɗi a jona a wuta, tururin na taɓa fitilar da aka goge da sanfefa sai ka ga tana washewa nan take wallahi kamar sihiri, minti biyar an gama ba feshi ba kwamfaresa.

Injiniya Kabir: Na san ta Nura. Tururin narkar da fatar robar yake ta kwanta ta yi sumul, shi ya sa layin sanfefa ke ɓacewa. Kyau kam tana yi. Amma abu biyu. Na ɗaya ruwan nan sinadari ne mai ƙarfi, da yawansu irin wanda ake cire fenti da shi ne, shaƙarsa na sa jiri da ciwon kai kuma yana illa in ya yi yawa, ka gaya wa abokinka kar ya kuskura ya yi a cikin shago a rufe, kuma ƙyallen rufe hanci na korona ba ya tare shi. Na biyu, bayan tururin robar tana nan ba rufi, ko me aka rubuta a kwalbar ni ban yarda ya kai kiliya ba. Rana za ta dawo ta same ta.

Nura Wankin Mota: To amma kwastomomi na so, ga sauri ga sauƙin kuɗi.

Oga Bishir Mai Fenti: Masu sayar da mota su suka fi so, don kwana uku suke buƙata ta yi ƙyalli a fili a saya. Sani kuwa shi zai ci gaba da bin hanyar Daura da dare.

Sani Kanta: To wace kiliyar ce? Na ga ana sayar da ta gwangwani a kasuwa.

Oga Bishir Mai Fenti: Ta gwangwanin nan ta fesa keke da ƙofa kar ka soma, ba ta jure rana, ita ma ja take yi kuma fetur na taɓa ta ta narke. Wadda muke fesa wa mota ce, mai haɗi biyu, kiliya da hadina mai sa ta tauri, ana ce mata 2K. Ita in ta bushe ta bushe, kuma an yi ta ne don zama a rana. Yadda nake yi, bayan sanfefa in wanke in bar ta ta bushe ƙarau har lungu, in goge da sifirit a tsumma mai tsabta, daga nan ba mai taɓa ta da hannu. Hannun farko yayyafi kawai nake yi sama-sama, don in ka zuba mata da yawa tashi ɗaya tinar da ke ciki na iya tsattsaga robar. In jira kamar minti goma, sannan in ba ta hannu na biyu cikakke. Wani lokacin na uku. Sai ta kwana ba a taɓa ba, kuma kar a kai ta wanki sai bayan mako. Matsalarmu a nan ƙura ce, yanzu da iskar hunturu ta fara in ka fesa da rana tsaka duk abin da ke yawo a iska a kai zai sauka ya daskare. Da sassafe nake yi kafin iska ta tashi, in yayyafa ruwa a ƙasa. Kuma ita ma hadinar nan guba ce ga huhu, da abin rufe hanci mai gwangwani ake fesa ta.

Baba Ɗan'azumi: Bishir Allah shi yi maka albarka, kai ba ka ɓoye sana'a. Wani da sai ya ce kawo kawai.

Oga Bishir Mai Fenti: Amin Baba. Ai ko na faɗa kwamfaresar na wurina.

Malam Lawal Rewaya: To yanzu nawa. Sani ƙwan da ka ce ka canza, wat nawa ne?

Sani Kanta: Mai shagon ya ce mai ƙarfi ne, 100 ne ko 130 na manta.

Malam Lawal Rewaya: Na san za a rina. Cire shi gobe. In motarka mai batir biyu ce, wato volt 24, ƙwan H4 nata 75/70 ne. Na ƙananan motoci masu 12 kuma 60/55. Abin da ya wuce haka zafi yake ƙarawa, ya ƙona soket, ya narka waya, ya gasa madubin ciki ya yi baƙi daga saman ƙwan, ya kuma gasa robar daga ciki. Madubin nan ba ƙarfe ba ne, wani siririn alminiyon ne aka fesa a kan roba, ko da yatsa ka goga ya tafi, don haka ko an buɗe fitila kar wanda ya sa tsumma a kai. Kuma sau da yawa rashin hasken ba daga ƙwai ba ne, wuta ce ba ta isowa. Tsohuwar waya, as wato wayar da ke jone da jikin mota ya yi tsatsa, makunni ya gaji. Ƙwan halojin in wuta ta ragu kaɗan haskensa raguwa yake da yawa. Sai in sa mita a bakin batir in sa a bakin ƙwai, in na ga bambanci in gyara as in sa rile, wato makunnin da ke kai wuta kai tsaye daga batir, sai ka ga fitila ta farka da ƙwanta na asali.

Auwal Kofar Kaura: ko kawai yasa LED, farin nan mai kashe ido, ko hazo ne zai huda

Baba Ɗan'azumi: Kai Auwalu ashe ku ne ke makantar da mu a hanyar Kano! Daga Charanchi har Kankia mutum na tahiya ido rufe saboda ku.

Malam Lawal Rewaya: Baba ka gama magana. Ba ya hudawa Auwal, watsuwa yake. Fitila mai hazo kamar ido ne mai yana, ƙara mata haske ba ya sa ta gani. Hasken da ya kamata ya sauka a kwalta sai ya bazu sama da gefe, kai ba ka gani, wanda ke tahowa ma ba ya gani. Ga shi madubin an ƙera shi ne don ƙwai mai zare a daidai wani wuri, ka sa LED mai araha hasken ya fito daga wani wurin daban, layin dim ya ɓace gaba ɗaya. A gyara gilashi tukuna.

Hamisu Admin: Jama'a maganar LED mun yi ta a baya har aka yi faɗa, don Allah a tsaya kan tambayar Sani.

Sani Kanta: Na gode ƙwarai jama'a. Zan yi gugar da kaina ranar Alhamis, Oga Bishir in kawo maka feshi Juma'a da asuba.

Oga Bishir Mai Fenti: Ka tsaya a 800, kar ka shafa mata komai bayan nan. Ka kwanto su ka zo da su a kwali, ba sai ka kawo motar ba.

Sani Kanta: Salam jama'a, an gama aikin, ga hotuna. Ta hagu masha Allah, har rubutun jikin ƙwai ana karantawa daga waje. Malam Lawal ya mayar da 75/70 ya sa rile, ya ce as ɗin ma ya ci tsatsa. Ta dama ta washe ita ma amma in an kunna akwai wasu ƙananan tsage a ciki suna walƙiya, kuma da safe na ga gumi a ƙasanta daga ciki.

Oga Bishir Mai Fenti: Tsagen na nuna masa tun kafin in fesa, a cikin naman robar suke, sanfefa ba ta kai wa can. Rana da zafin babban ƙwan nan ne suka yi aikinsu. Za ta yi amfani amma ba za ta kai ta hagu ba.

Malam Lawal Rewaya: Gumin kuma murfin roba na bayan ƙwai ne ya yage, na gani. A samo wani. Kar ka bari a toshe ƙananan bututun numfashi da ke bayanta da gam wai don hana ruwa, an yi su ne don gumi ya fita. In ka toshe, ruwan da ya shiga ya zauna ke nan.

Injiniya Kabir: Saura saiti, tunda an kwance an mayar. Ka samu fili mai lebur da bango, ka tsaya mita 10 daga bangon da dare, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ka yi alama a bango. Layin dim ya sauka ƙasa da alamar kamar santimita 10 zuwa 13, galibi ana rubuta 1% ko 1.3% a jikin fitilar. Kuma ka tuna in ka yi lodi baya ya zauna hancin mota ɗagawa yake, hasken ya koma idon mutane. Sannan in kana fakin ka riƙa juya gabanta daga rana ko ka samu gindin bedi, yaronka kuma ya daina goge ta a bushe.

Alhaji Mamman Kayan Gyara: To ga ta dama nan dai ta dawo hannuna. Sani in maigidanka ya shirya akwai Beljiyam guda ɗaya mai kyau.

Baba Ɗan'azumi: Alhaji ka duba mashi ta wace ƙasa ce. Mu da muka ga canjin hannu a 1972 mun san wanga, da aka koma dama sai da aka yi ta fama da fitilu. Kanta da yawa daga Japan suke, can hagu suke bi.

Injiniya Kabir: Wallahi Baba ka tuno abu mai muhimmanci. Dim ba a miƙe yake ba, gefe ɗaya yana ɗagawa don ya haska bakin hanya. Tamu dama ya kamata ta ɗaga. Ta Japan ko Ingila hagu take ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa, kai kuma gefen da masu keke da dabbobi suke ya zauna a duhu. In fitilar na da alamar E a cikin da'ira ka duba kusa da ita, kibiya mai kai ɗaya ta masu bin hagu ce, in ba kibiya ko mai kai biyu ce to ta yi. In ba alamar, a jona ta a batir a haska bango kafin a biya.

Sani Kanta: To ni ma bari in haska tawa a bango yau, don ban san ko ta hagun da muka sha wahala a kanta ta Japan ba ce.

Alhaji Mamman Kayan Gyara: Ka zo da batir ɗinka shago gobe bayan azahar mu gwada tawa a bangon baya, in hagu take ɗagawa ba zan sayar maka ba.